Yadda Ake Zaɓar Tocilar Nutso Ta Farko Don Shiga Teku Da Dare Da Ɗaukar Hoto A Ƙarƙashin Ruwa

Duk wanda ya gama horon nutso da tulun iska, ya fara marmarin shiga teku da dare, tambayar da yake kawowa kusan iri ɗaya ce: wace tocila zan saya da za ta haska mini hanya, ta kuma yi mini hoto mai kyau? Amsar ba ta da daɗin ji. Aiki biyu ne daban, abin da ɗaya ke so shi ɗayan ke gudu. Tocilar hanya siririn haske take buƙata mai cin nisa. Fitilar hoto kuwa haske mai faɗi da laushi take so, wanda iyakarsa ɗan gabanka. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma wanda ya nace sai fitila ɗaya ta yi masa duka, yawanci sau biyu yake zuwa kasuwa.

Ga yadda za a bi abin daki-daki. Amma tocila ba ta maye gurbin horo: nutson dare na farko da malami ake yin sa, a wurin da ka riga ka shiga da rana.

1. Fara da ruwan da za ka shiga

Kafin ka duba kowace fitila, amsa wa kanka tambayoyi uku: ruwan garau ne ko gurɓatacce, zurfin nawa takardar shaidarka ta yarje maka, kuma wace kyamara ce a hannunka.

Ruwan Bahar Maliya, ko ta wajen Dahab da Sharm el-Sheikh a Masar, ko Jidda, ko Port Sudan, garau yake, da rana kana hango abu daga mita 20 ko fiye. A irin wannan ruwa haske mai ɗan faɗi ba ya cutarwa. Ruwan gaɓar Legas ko na madatsun ruwa na cikin ƙasa kuwa cike yake da laka. Duk direban da ya taɓa kunna babbar fitilar mota cikin hazon hunturu ya san abin da ke biyo baya: hasken ya dawo masa ido, hanya ta ƙara ɓacewa. Haka fitila mai faɗi da ƙarfi take yi a gurɓataccen ruwa. Can siririn haske ne kaɗai ke ratsawa.

Batun zurfi mai sauƙi ne. Takardar matakin farko ta tsaya a mita 18, ta gaba mita 30, iyakar nutson shaƙatawa gaba ɗaya mita 40. Nutson dare galibi bai ma kai nan ba, tsakanin mita 5 zuwa 18 ake yawo.

2. Tocilar hanya: dubi faɗin haske kafin yawan lumen

Masu sayarwa lumen suke rubutawa da manyan baƙaƙe, domin shi ke jan ido. Lumen jimlar hasken da ke fita daga fitila ne kawai, bai gaya maka inda hasken ya nufa ba. Abin da ke gaya maka wannan shi ne faɗin haske, wanda ake aunawa da digiri.

Ɗauki lumen 1000. Idan aka matse shi cikin digiri 10, a nisan mita 2 zai yi da'irar da ba ta wuce faifai ba, kimanin santimita 35, mai haske tarwai. Idan aka baje wannan lumen ɗin cikin digiri 100, tun a mita 1 da'irar ta wuce mita 2 a faɗi, ƙarfinta a kan kowane wuri, in an auna a nisa ɗaya, ya ragu kusan sau ɗari. Lambar da ke kan kwali ɗaya ce, aikin ya sha bamban.

Don tocilar hanya, nemi digiri 8 zuwa 15, mai tsakiya mai ƙarfi da ɗan haske mara ƙarfi kewaye da ita. Tsakiyar ce za ka leƙa ramuka da ita, ka yi wa abokin nutsonka alama, ka hango igiyar jirgi. Na gefen kuma shi zai hana ka karo da dutsen da ba ka nufa ba. In ruwanka gurɓatacce ne, sauko zuwa digiri 6 ko 8.

Lumen 800 zuwa 1200 sun wadatar. Da dare a ruwa garau ma rabin haka kake buƙata, domin ido ya saba da duhu, kuma haske mai tsanani yana korar halittun da ka shigo kallo. Saboda haka tocilar ta kasance tana da matakan ƙarfi aƙalla biyu ko uku. Mai mataki ɗaya tak, ko dai ta kashe maka ido a kan farin yashi, ko ta cinye batir ba gaira ba dalili. Irin wannan aji akwai su wajen kamfanoni kamar OrcaTorch, Bigblue, Scubapro da Mares, kuma bambancinsu bai kai yadda talla ke nunawa ba.

Hattara: tocilar da ba ta da sunan kamfani, aka rubuta mata lumen 20,000 ko 50,000 alhali batir ɗaya ne a cikinta, ƙarya aka shara. Mataki na gaba zai nuna maka dalili.

3. Yi lissafin batir da kanka

Yawancin tocilolin nutso na yanzu da batirin litiyam mai caji suke aiki, iri biyu ne suka fi yawa. Akwai 18650, wato kaurin milimita 18 da tsawon 65, akwai 21700 wanda ya ɗan fi shi girma. Na ƙwarai a cikin 18650 bai cika wuce mAh 3500 ba (mAh shi ne ma'aunin yawan cajin batir), 21700 kuma wajen mAh 5000. In ka ga 18650 da aka buga wa 9900, ajiye shi, jabu ne.

Lissafin ga shi. Ninka bolt da yawan cajin: bolt 3.6 sau 3.5 (wato mAh 3500 a raba da 1000) ya ba ka kimanin Wh 12.6 a 18650, Wh kuwa wat ne na tsawon awa ɗaya. Fitilar zamani, idan an cire asarar zafi da ta gilashi, tana ba da wajen lumen 100 a kan kowane wat ɗaya. Ke nan lumen 1000 na cin wat 10, batirin zai riƙe ta awa ɗaya da 'yan mintuna. Da 21700, mai kimanin Wh 18, za ka doshi awa biyu. Tocilar da ta ce lumen 3000 na tsawon awa uku da batir ɗaya, ba haka take nufi ba: za ta tashi da 3000 na 'yan mintuna, ta sauko ƙasa a hankali.

Ko kamfanoni masu gaskiya ma akwai abin lura. A ƙa'idar awon tocila ta ANSI FL1, ana ƙirga tsawon lokacin aiki har sai haske ya faɗo zuwa kashi 10 cikin ɗari na farkonsa. To "minti 180" na iya nufin minti 60 na haske mai amfani, saura duk ƙyalli ne kamar aci-bal-bal. Nemi jadawalin da ke nuna yadda hasken ke sauka, ko ka nemi wadda aka ce tana riƙe ƙarfinta daidai har batir ya kusa ƙarewa.

Nutson dare yakan ɗauki minti 45 zuwa 60. Ƙara lokacin jira a kan ruwa kafin sauka da bayan fitowa. Tocilarka ta iya yin aƙalla minti 90 a matakin da za ka yi amfani da shi.

Hattara wajen sayen batir na biyu: akwai mai da'irar kariya a ciki, wanda ya fi tsawo da 'yan milimita, akwai mara ita, akwai mai ɗan tudu a kai, akwai mai shafaffen kai. Ba kowanne ke shiga kowace tocila ba. Matsa murfi da ƙarfi a kan batirin da ya yi tsawo yana hana zoben roba mai tare ruwa zama daidai, ruwa ya samu hanya. Sayi irin wanda kamfanin ya ce, kuma duk batirin da ledar jikinsa ta yage, daina amfani da shi.

Akwai fitilun da aka rufe ruf, ba a buɗe su, ta waje ake musu caji. Amfaninsu babu murfin da za ka yi kuskure wajen rufewa. Aibinsu, in caji ya ƙare tsakanin nutso biyu ba ka da abin canzawa, kuma ranar da batirin ya tsufa sai an mayar wa kamfani. Ga wanda ke zaune nesa da masu gyara, ko inda wutar lantarki ba ta da tabbas, mai cirarren batir ta fi kwanciyar hankali.

4. Zurfi, jiki da makunni

Dubi zurfin da aka rubuta da mita. Mita 100 shi ne abin da aka saba gani, kuma shi za ka nema ko da ba za ka wuce 20 ba, domin ratar ce kariyarka idan zoben roba ya fara tsufa. Kowace mita 10 tana ƙara nauyin iskar duniya guda a kan fitilar. A mita 30 matsin ya ninka na kan tudu sau huɗu.

Hattara: alamar IPX8 ita kaɗai ba shaidar tocilar nutso ba ce. Abin da take nufi kawai, abin zai jure nutsewa fiye da mita 1, gwargwadon abin da kamfanin ya zaɓa. Tocilar farauta ko ta gadi mai wannan alama za ta sha ruwa a mita 10.

Jiki na alminiyam mai rufin kariya ya fi, domin yana miƙa zafin fitila ga ruwa. A murfin batir a samu zoben roba biyu ko uku, a kuma haɗo maka da na canji a cikin kwali.

Makunni iri uku ne, kowanne da halinsa. Mai murɗawa, wanda ake juya kan tocila ta kama, shi ya fi sauƙin ƙira, ba abin da zai lalace. Sai dai yana son hannu biyu, kuma wanda ya ruɗe cikin duhu ya ci gaba da kwancewa har ya wuce zoben roba, ya cika ta da ruwa da hannunsa. Mai dannawa ya fi daɗin aiki da hannu ɗaya, galibi da ɗan haske mai nuna saura caji nawa, amma gishiri kan daskare a ƙarƙashinsa in ba a wanke ba, kuma yana kunna kansa cikin jaka in ba shi da makulli. Mai maganaɗisu ba ya huda jikin tocila sam, to ruwa ba shi da ƙofa ta nan. Matsalarsa biyu: yashi mai ƙarfe-ƙarfe yana maƙale masa, kuma in ka kai shi kusa da kamfas sai allurar ta karkace. Da dare kuwa da kamfas ake komawa jirgi. Riƙe su hannu daban-daban.

5. Tocila ta biyu ba ado ba ce

Ba a shiga ruwa da dare da fitila ɗaya. Ta biyun ƙarama ce, lumen 300 zuwa 600, siririn haske, wadda za ta shige aljihun rigar iska (rigar da mai nutso ke hura wa iska don daidaita kansa a ruwa) ko a maƙale ta a kafaɗa a ɗaure kanta da roba kada ta riƙa lilo. Nan ne makunni mai murɗawa ya fi dacewa. In mai batirin AA ce, sa mai caji irin NiMH, ko sabon batir kowace tafiya. Batirin alkalin da aka manta a ciki wata da watanni zai zubar da ruwansa ya cinye ƙarfen.

Hattara: tocila mai murɗawa da aka kashe da ƙyar, matsin ruwa zai iya tura kanta ciki ta kama da kanta a zurfi, ta ƙone cajinta a aljihu ba ka sani ba. Bayan ka kashe ta, ƙara kwance ta rabin juyi, amma kada ka wuce haka.

Sai ƙaramar fitilar alama da ake ɗaurawa a wuyan tulu don na bayanka ya gane ka. Mai batir ta fi sandar nan mai ruwan sinadari da ake karyawa, wadda amfaninta dare ɗaya ne sannan ta zama shara.

6. Fitilar hoto

Nan ne kuɗi ke tafiya, nan ne kuma aka fi yin kuskure.

Ruwa yana shanye launuka bi da bi. Ja ne ke fara tafiya, cikin kimanin mita 5, sai ruwan lemo, sai rawaya, a bar ka da kore da shuɗi. Abin da mutane ke mantawa, tafiyar haske zuwa da dawowa ake ƙirgawa. In kifi yana mita 2 da rabi daga gare ka, hasken ya yi mita 5 kafin ya dawo cikin kyamara, jan ya riga ya mutu a hanya. Ƙarin lumen ba ya maganin wannan. Matsowa ce magani: ƙasa da mita 1 don hoto mai faɗi, santimita 10 zuwa 30 don ƙananan halittu.

In ka haska abin da za ka ɗauka da tocilar hanya, hoton zai fito da farin tabo a tsakiya kamar an ɗiga bilic, gefe kuma baƙi ƙirin. Don haka fitilar hoto tana son waɗannan:

Faɗin digiri 100 zuwa 120, haske shimfiɗaɗɗe ba tabo a tsakiya. Tambayi ko a cikin ruwa aka auna. Fitila mai shafaffen gilashi tana tsukewa da ta shiga ruwa: digiri 120 na iska yakan koma wajen 80, digiri 100 ya koma 70. Mai gilashi ƙumbo, kamar rabin ƙwallo, ita ke riƙe faɗinta. Wannan ya fi damun masu ƙaramar kyamarar bidiyo ta GoPro da ire-irenta, waɗanda idonsu ke da faɗi sosai. In hasken bai rufe ba, kusurwoyin hoton duk duhu ne.

Ƙarfi lumen 2000 zuwa 3000 don dare da ƙananan halittu. Da rana a ruwa mara zurfi, wannan ba zai yi gogayya da hasken rana ba sai a kusa sosai, kada ka sa rai.

Zafin launi, da ake aunawa da Kelvin (K), tsakanin K 5000 da 5600, wato kusa da hasken rana. Lambar CRI, mai nuna yadda fitila ke fito da launi na gaskiya, ta kai 90 in aljihu ya yarda. 80 ma ba laifi. Fitila mai lumen da yawa da CRI 70 tana mayar da jan murjani kamar tsohon bulo.

Jan haske a matsayin zaɓi. Jatan lande, ƙaguwa da yawancin halittun dare ba su cika damuwa da ja ba, sai ka lallaɓa ka saita kyamara ba su gudu ba. Ƙari a kan haka, farin haske mai faɗi yana tara tsutsotsi da ƙananan halittun ruwa a gaban gilashi kamar yadda fitilar waje ke tara shinge bayan ruwan sama. Juyawa zuwa ja na ɗan lokaci yana watsa su.

To filasha fa? Filashar ƙarƙashin ruwa, wadda ke walƙiya sau ɗaya lokacin da aka danna kyamara, ta fi kowace fitila mai ci gaba da haske ƙarfi nesa ba kusa ba, tana kuma tsayar da motsin kifi cak. Duk mai son hoto tsayayye da gaske can zai ƙare. Amma ba ta bidiyo, ba ta aiki da GoPro, tana buƙatar waya mai ɗaukar haske daga kyamara, kuma koyon saita ta aiki ne. Ga mai farawa da ƙaramar kyamara irin Olympus TG-6 ko OM System TG-7, fitilar bidiyo guda ɗaya ta fi: abin da idonka ya gani shi zai fito. In daga baya ka sayi filasha, wannan fitilar za ta koma mai taimaka wa kyamara saita gani, ba a yi asara ba.

Akwai fitilu masu haɗa siriri da mai faɗi da ja a jiki ɗaya. Ga matafiyi mai ƙaramar jaka suna da rana. Ka dai sani tana kan kyamara ne, duk inda za ka haska sai ka juya kyamarar gaba ɗaya, kuma in ta mutu ka rasa biyu a lokaci guda. Ko da ita, tocila ta biyu tana nan daram.

Hattara: jan gilashin da ake sa wa GoPro da rana, cire shi da zarar ka kunna fitila, in ba haka ba komai zai fito jawur. Kuma kyamarar kanta tana da iyaka: GoPro mita 10 ba tare da gidanta mai hana ruwa shiga ba, TG-6 da TG-7 mita 15.

7. Inda za a ɗaura ta

Fitilar hoto da aka manna daf da idon kyamara tana haska duk wata ƙura da ke tsakaninka da kifin, hoton ya fito da ɗige-ɗigen fari kamar an watsa gari. Maganinsa a nisanta ta. Kana buƙatar faranti mai mariƙi da kyamara za ta zauna a kai, hannu ɗaya ko biyu masu tsawon santimita 15 zuwa 20, da maƙalai masu haɗa su. Ƙwallon haɗi na inci 1 shi ne kusan kowa ke amfani da shi, to ka tabbata fitilar tana da shi ko tana karɓarsa.

Ɗaga fitilar sama da gefe, ta ɗan koma bayan layin gilashin kyamara, ka kuma ɗan karkatar da ita waje yadda gefen hasken ne zai taɓa abin da kake ɗauka, ba tsakiyarsa ba. Ruwan da ke gaban kyamara ya zauna cikin duhu. Kada ka ɗaure maƙalan tamau. Su riƙe, amma su motsu in ka tura. In kayan sun yi nauyi a ruwa har wuyan hannu na gajiya, akwai hannaye masu kumfa da ke rage nauyi.

Tocilar hanya kuma igiyar wuyan hannu ta ishe ta, mai zargewa. Wanda hannayensa biyu ke kan kyamara zai fi jin daɗin safar da ke ɗaura tocila a bayan hannu. Kowane abu a sa masa ƙugiya. Abin da ya suɓuce da dare a kan gangaren murjani ya tafi ke nan.

8. Kuɗi, da abin da za a fara saya

Farashi na motsi, amma ga kimanin yadda abin yake da dalar Amurka, ban da dako da kwastam. Tocilar hanya 50 zuwa 120. Ta biyu 30 zuwa 60. Fitilar alama 10 zuwa 25. Fitilar bidiyo 150 zuwa 450. Faranti da hannu da maƙalai 80 zuwa 200, kuma wannan ne mutane ke mantawa a lissafi. Filasha daga wajen 350 zuwa sama.

Tsarin saye: tocilar hanya da batir na canji, sai ta biyu, sai a dakata. Yi nutson dare huɗu ko biyar ba kyamara. Wanda bai iya tsayawa cak a ruwa cikin duhu ba, in aka ƙara masa kyamara, ko ya tayar da yashi ya ɓata hoton, ko ya dafa ƙayar bushiyar teku. Cibiyoyin nutso da yawa suna ba da hayar tocila, to kafin ka saya gwada siririya da mai faɗi ka ji wadda ta kwanta maka.

9. Gwaji a gida kafin teku

Cire zoben roba ta hanyar matse shi da yatsu biyu har ya yi tudu, ko da gefen katin roba. Ban da wuƙa, ban da allura. Goge shi da ramin da yake kwanciya da ƙyalle mara gashi. Duba shi a haske: tsagewa, ƙwayar yashi, silin gashi ɗaya, kowanne ya isa ya shigar da ruwa. Shafa masa man silikon ɗan kaɗan, ya yi sheƙi kawai. Man ba shi ke tare ruwa ba, santsi yake bayarwa don zoben ya zauna ba tare da murɗewa ba. In ya yi yawa yashi yake kamawa. Kada a sa basilin ko man inji, suna lalata wasu robobin.

Gwajin farko ba batir. Cusa 'yar takardar tishu a ciki, rufe, nutsa ta cikin bokiti na awa ɗaya, ko ka sauka da ita a nutson rana in da hali, domin bokiti ba shi da matsi. Ta fito a bushe, sai ka sa batir mai cikakken caji, ka kunna ta cikin bokitin ruwa, ka duba agogo. Lokacin da ka ga hasken ya yi rauni, shi ne ainihin tsawon aikinta. Rubuta shi.

Hattara: kada a yi wannan gwajin a iska. Fitila mai ƙarfi ruwa ke sanyaya ta. A waje cikin 'yan mintuna za ta yi zafin da ba a riƙewa, wata ma ta ƙone.

10. Daren farko

Kunna tocila daf da shiga ruwa, kada ka kashe ta sai ka fito. Lokacin kunnawa da kashewa ne fitila ta fi mutuwa, kuma in ta faɗi tana kunne za ka ga inda take. In kana son ganin ƙyallin da ƙananan halittun ruwa ke yi in an motsa hannu, kifa tocilar a ƙirjinka.

Ku daidaita alamu da abokin nutsonka tun a jirgi. Zana da'ira da haske na nufin lafiya lau, shi ma ya mayar. Kaɗa haske a hankali a inda yake kallo neman hankalinsa ne, kaɗawa da sauri kuma matsala ce. Alamar hannu, haska hannun naka, ba fuskarsa ba. Wanda aka dalle wa ido sai ya yi mintuna kafin ganinsa ya dawo. Ma'aunin iskar tulu yana da fuska mai riƙe haske, ɗora masa tocila daƙiƙa biyar zai yi ta ƙyalli.

Kifin aku da ke barci cikin rigar majinar da ya saƙa wa kansa, da kunkurun teku da ke kwance ƙarƙashin dutse, a haska su da gefen haske a wuce. A Bahar Maliya kifin zaki mai ƙayoyin dafi ya koyi bin fitilar masu nutso don farautar ƙananan kifin da haske ya ruɗa, to ka riƙa duba gefenka da ƙasanka kafin ka sauke hannu ko gwiwa.

Don hoto da fitilar bidiyo, fara da saurin ɗauka 1/125 na daƙiƙa, ISO (ma'aunin yadda kyamara ke jin haske) 400, sai ka gyara daga nan. In babbar tocila ta mutu, kunna ta biyu, sanar da abokinka, ku kama hanyar fita. Ba a ci gaba da yawo da ta biyu.

11. Bayan fitowa, da hawa jirgin sama

Jiƙa fitilun a ruwan daɗi na minti 20 zuwa 30 suna rufe, kana danna makunnin a cikin ruwan don gishiri ya fita. Tsane su sarai kafin buɗewa, kuma ka buɗe bakin yana kallon ƙasa don ɗigon da ya maƙale a zaren murfi ya faɗo waje. In za a daɗe ba a yi amfani da su ba, cire batir, a ajiye shi da kimanin rabin caji, nesa da rana da cikin mota mai zafi.

In ruwan gishiri ya shiga, kashe ta, ka fito da ita. Batirin litiyam da ruwan gishiri suna tara iska mai matsi a ciki, don haka a buɗe ta a fili, a hankali, bakin yana kallon nesa da fuska, da safar hannu. Batirin ya gama aiki, kada a sake sa shi a caja. Jikin tocilar a ɗauraye da ruwan daɗi, a bar shi ya bushe kwana biyu ko uku, wani lokaci yana tashi.

A filin jirgi, batirin litiyam na canji a jakar hannu yake tafiya, ba a cikin akwatin da za a auna ba, kowanne cikin 'yar robarsa ko an liƙe bakinsa da salatif. Har zuwa Wh 100 ba matsala, daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgin, abin da ya haura haka ba ya hawa. Batirin 18650 da 21700 duk suna can ƙasa da iyakar. Ita kanta tocilar, dokar jiragen sama ta sa ta cikin kayan da ke iya haifar da zafi, don haka a raba ta da batirinta kafin a rufe jaka, a kuma ɗan sassauta murfin don canjin matsin iska a sama kada ya sa ya ƙi buɗuwa in an sauka.